Idi da Feti: Ranakun da Mutane Suka Sa wa Kansu da Matsayin Musulmi a Kansu

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin da ya halicci dare da yini, ya sanya rana da wata su zama ma'aunin lissafi ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ƴan'uwa Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan mas'ala wasu al'amura ne guda biyu da suka auku a unguwarmu. Akwai wani dattijo cikin mutanen sahun gaba a masallacinmu, ma'aikacin gandun daji ne, ya kusa ajiye aiki. Shekara da shekaru aikinsa shi ne ya raini ƴan itatuwa a garka tun cikin bazara, idan 3 ga Agusta ta zo ya rarraba wa jama'a su dasa. Wata rana bayan La'asar ya dakata har kowa ya watse, sa'an nan ya matso kusa da ni, ya ce: "Malam, ɗan ƙanena ya dawo daga karatu, ya ce mini aikin nan nawa na ranar dashen itace bidi'a ne, wai ina taimakawa a tsai da idi na uku cikin Musulunci. Tun ran nan ba ya cin tuwon gidana. In gaskiya gare shi, to shekara talatin da mi nike ciyar da iyalina?"

Bayan wata biyar, da safiyar 1 ga Janairu, aka kira ni wankan gawar wani saurayi da bai cika shekara ashirin ba. A daren bonane ya hau babur shi da abokansa, suna tseren murnar shiga sabuwar shekara, suka ci karo da wata mota da ke tsaye. Da muka je ta'aziyya, mahaifinsa bai iya cewa komai ba sai: "Ai ce mini ya yi feti za shi." Allah shi jiƙansa, shi ba iyayensa haƙuri.

Waɗannan abubuwa biyu sun hana ni sakat. Ga wanda ya tsananta har ya yanke zumunci saboda dashen itace, ga kuma wanda aka sake wa linzami har dare ɗaya ya ci ransa. Dukansu tambaya ɗaya ce ba a amsa musu ba: ranakun nan da addini bai sa su ba, mutane ne suka sa wa kansu, mene ne su, kuma yaya ya kamata Musulmi ya tsaya a gabansu?

Mu fara da duba kalandar da ke rataye a shagunanmu da ma'aikatunmu, mu bi ta daga farko zuwa ƙarshe, domin ba a yanke hukunci a kan abin da ba a sani ba. Ranar 1 ga Janairu ita ce farkon shekara a lissafin da Paparoma Giregori na 13 ya gyara a 1582, sunan watan kuma ya samo asali daga wani abin bautar Rumawan dā. Mulkin mallakar Faransa ya kawo mana wannan lissafi, aka gina albashi da lakkwal da haraji a kansa. Ranar 9 ga Fabrairu ɗalibai suna tunawa da ƴan'uwansu uku da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai a 1990. Ranar 8 ga Maris ta mata ce ta duniya. A wani taron mata ƴan gurguzu a Kofanhegan aka kawo shawarar keɓe wa mata rana a 1910, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta fara raya ta a 1975. Ranar 24 ga Afrilu aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya tsakanin gwamnati da ƴan tawayen arewa a 1995, aka mai da ita ranar haɗin kan ƙasa. Ranar 1 ga Mayu ta ma'aikata ce: a 1886 ma'aikatan birnin Shikago na Amurka suka yi yajin aiki suna neman a tsai da aikin yini a awa 8, aka zub da jini, aka rataye mutum huɗu a shekarar da ta biyo, sai wani taron ƴan ƙwadago a Paris a 1889 ya keɓe wannan rana. Ranar 13 ga Mayu tamu ce ta gida: a 1991 matan ƙasar nan suka yi jerin gwano a Yamai, domin mace ɗaya tak aka sa cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa. Ranar 16 ga Yuni ta yaran Afirka ce, don tunawa da ƴan makarantar Soweto da aka kashe a 1976. Kashegarinta kuma ranar yaƙi da kwararar hamada. Ranar 26 ga Yuli an mai da ita ranar hutu a 2024. Ranar 3 ga Agusta ƙasar nan ta sami mulkin kai a 1960, kuma tun 1975 ake dashen itatuwa a cikinta. Ranar 10 ga Disamba ta haƙƙin ɗan Adam ce, saboda sanarwar da aka amince da ita a Paris a 1948. Ranar 18 ga Disamba kuma aka kafa jamhuriya a 1958. Mutanen Maraɗi ba su manta da bikin 2015 ba, haka na Tawa a 2017, da na Damagaram a 2018.

Wanda ya lura da kyau zai ga cewa kusan kowace rana cikin waɗannan akwai labari a bayanta: ko jinin da aka zubar, ko haƙƙin da aka nema, ko fari da yunwa, ko sulhu bayan yaƙi. Zai kuma ga cewa babu ɗaya da aka sa wa salla, ko azumi, ko yanka, ko aka ce wanda ya raya ta yana da lada kaza. Abu na uku da zai gani shi ne suna zuwa suna wucewa. Iyayenmu suna ba mu labarin 15 ga Afrilu, ranar da soja suka karɓi mulki a 1974, yadda ake fareti da kiɗa da taron samariya. Yau yaran da ke lakkwal da yawansu ba su san an taɓa yin wannan biki ba. Hukuma ta sa, hukuma ta cire, kuma babu wanda ya yi zunubi don ya manta.

Amma akwai wani kashi na ranaku da ya sha bamban da waɗannan, kuma wajibi ne mu san shi, ko da bai shigo garuruwanmu sosai ba, domin yana shigowa ta wayoyin ɗiyanmu. A ƙasashen Turai da Amurka akwai masu aƙidar ɗan'adamtaka, wato waɗanda ke cewa hankalin mutum da iliminsa sun ishe shi sanin alheri da sharri, ba ya bukatar wahayi ko Ubangiji. Su ma sun sa wa kansu ranaku. Suna raya 12 ga Fabrairu, ranar da aka haifi Darwin a 1809. Suna da ranar aƙidarsu ta duniya, 21 ga Yuni, lokacin da yini ya fi tsawo a arewacin duniya. A Amurka wasunsu sun keɓe Alhamis ta farkon watan Mayu suka kira ta ranar hankali, don kishiyantar ranar addu'a ta ƙasa da ake yi a wannan rana. A 2001 kuma wasu a jihar Niyu Jazi suka ƙago bikin 23 ga Disamba domin su sami abin yi a madadin Kirsimeti.

Wannan yunƙuri ba sabo ba ne. A 1793 masu juyin juya halin Faransa suka soke kalandar Kirista, suka kafa tasu: wata 12, kowane wata kwana 30, suka kashe mako na kwana 7 suka sa na kwana 10, don kada Lahadi ta sake samun gurbi. Ranar 10 ga Nuwamba ta wannan shekara suka yi bikin bautar hankali cikin babbar majami'ar Paris. Talakawa kuwa suka ga cewa hutun da suke samu bayan kwana shida ya koma bayan kwana tara, ba su karɓi abin da zuciya ɗaya ba. Daga 1 ga Janairu 1806 Napoliyon ya mai da tsohon lissafi. A 1849 wani masanin falsafa na Faransa, Ogis Kwant, ya tsara kalanda mai wata 13, kowane wata kwana 28, ya ba kowace rana sunan wani babban mutum na tarihi. Har sunan Annabi Musa da na Annabinmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare su, ya sa a ciki, amma a matsayin gwarzayen mutane kawai, ba manzanni ba. Ba wata ƙasa da ta yi aiki da ita. A 1929 Tarayyar Sobiyet ta ƙago mako na kwana 5, aka raba wa ma'aikata ranakun hutu daban-daban, har miji da mata ba sa hutawa rana ɗaya. A 1940 aka koma mako na kwana 7.

Akwai darasi biyu a nan. Na farko, waɗanda suka ƙi addini ba su iya zama babu rana mai alfarma ba. Da suka rushe idi sai suka shiga gina wani abu mai kama da shi, da taro, da waƙe, da tunawa da magabata. Wannan shaida ce daga bakin abokin jayayya cewa an halicci zuciyar ɗan Adam da bukatar ta tsaya, ta tuna, ta girmama wani abu da ya fi ta. Na biyu, mutum yana iya sa rana, amma ba ya iya sa mata tsarki. Abin da majalisa ta ɗaga da ƙuri'a, wata majalisa tana sauke shi da ƙuri'a. Juma'a kuwa, da sallar azumi, da sallar layya, sun haura shekara 1400, dauloli sun tashi sun faɗi, ba a taɓa kiran taro don a sabunta su ba.

Ku dubi kuma hikimar da ke cikin lissafin wata. Shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da kamar kwana 11, saboda haka azumi yana zagaya rani da damina da ɗari, ya komo inda ya fara bayan kamar shekara 33. Idinmu bai rataya ga kaka ba, balle a ce bikin amfanin gona ne. Bai rataya ga haihuwar sarki ko nasarar yaƙi ba. Ɗaya yana zuwa bayan an gama azumi, ɗaya bayan tsayuwar Arfa. Murna ce ta an bi umarni. Larabawan jahiliyya sun kasance suna jinkirta watanni masu alfarma, suna matsar da su yadda ya dace da yaƙinsu da kasuwancinsu, sai Alƙur'ani a cikin suratu Tauba ya yi tir da wannan, ya tabbatar da watanni 12, huɗu daga ciki masu alfarma. Ke nan tsarkake lokaci haƙƙin Allah ne shi kaɗai.

To, mene ne hukunci? Asalin maganar hadisin Anas ɗan Malik ne, wanda Abu Dawuda da Nasa'i suka ruwaito, cewa Manzon Allah ya iske mutanen Madina da ranaku biyu na wasa tun na jahiliyya, sai ya sanar da su cewa Allah ya musanya musu da waɗanda suka fi su, wato idi biyu. A kan wannan babu saɓani: ba wanda ya isa ya ƙara idi na ibada. Inda malamai suka saɓa shi ne ranar da aka keɓe don al'amarin duniya. Wasu, kamar malaman kwamitin fatawa na Saudiyya, suka ce duk ranar da ke dawowa kowace shekara ana taruwa dominta idi ce ko da an sake mata suna, saboda haka suka hana. Wasu, kamar gidan fatawa na Masar, suka ce abin da aka hana shi ne idin addini. Ranar tunawa da abin da ya shafi ƙasa al'ada ce, kuma ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce ba a yin ibada sai da dalili, ba a kuma hana al'ada sai da dalili. Ita kanta Saudiyya ta mai da ranar ƙasarta, 23 ga Satumba, ranar hutu a 2005.

Ni dai, da ɗan abin da Allah ya sanar da ni, magana ta biyu ta fi rinjaye a wurina, bisa sharuɗɗa. Dalilina shi ne magabata sun rarrabe tsakanin ibada da tsarin zaman duniya. Ramin da aka haƙa a kewayen Madina a shekara ta 5 dabarar Farisawa ce, Salmanu ya kawo ta. Sayyidina Umar ya ɗauki tsarin rajistar ma'aikata da sojoji daga dauloli maƙwabta. Shi kansa lissafin hijira da muke alfahari da shi ba wahayi ya saukar da shi ba. A zamanin Umar sahabbai suka zauna suka yi shawara, saboda takardu suna zuwa babu shekara a kansu. Sa'an nan ga alkawarin nan da ake kira Hilful Fuduli: an zalunci wani baƙon ɗan kasuwa daga Yaman a Makka, sai wasu dangogin Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana suka yi rantsuwa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta. Annabi ya halarta tun yana saurayi, kafin annabci, kuma bayan Musulunci ya yaba wannan alkawari, ya nuna cewa da za a kira shi zuwa irinsa da ya amsa. Waɗanda suka ƙulla shi ba Musulmi ba ne, amma abin da suka taru a kansa gaskiya ne. Duk da haka, wanda ya ɗauki magana ta farko ya ƙaurace wa waɗannan ranaku don tsoron Allah, ba mu zarginsa. Abin da ba a ba shi dama ba shi ne ya mai da mas'alar saɓani takobin yanke zumunci.

Sharuɗɗan da na ambata tambayoyi uku ne da ya kamata kowane magidanci ya yi wa kansa kafin ya fita, ko ya bar iyalinsa su fita.

Tambaya ta farko: me ake ɗaukakawa a wannan rana? Idan an gina ta ne don a ce mutum ya wadatu da barin Mahaliccinsa, ko don ta maye gurbin ibada, irin bikin hankali na Paris da ƴan'uwansa na yau, to Musulmi ba shi da wurin zama a can, ko da babu giya babu kiɗa, domin halartarsa shaida ce. Wannan ba ya nufin mu ci mutuncin masu yi, ko mu ƙi haɗa hannu da su wajen haƙa rijiya ko jinyar marar lafiya. Muna tarayya da su a aikin alheri, ba mu tarayya da su a shelar aƙida. Idan kuwa abin da ake tunawa sulhu ne, ko haƙƙin ma'aikaci, ko kare ƙasa daga hamada, to waɗannan abubuwa ne da addini ya riga kowa yin kira zuwa gare su.

Tambaya ta biyu: me ake aikatawa a cikinta? Rana tana iya zama halal a asalinta, aikin da ke ciki ya ɓata ta. Faretin da ya cinye Azahar da La'asar, taron da ake cakuɗa maza da mata babu kunya, daren da ake shan giya da ƙwayoyi, kuɗin da magidanci ke ci bashi don ɗinkin anko alhali babu hatsi a rumbu: duk waɗannan haramcinsu ko karhancinsu daga gare su yake, ko a wace rana aka yi su. Saurayin da na wanke ba kalanda ta kashe shi ba. Ajali ne, amma sababinsa shi ne an bar yara su ɗauka cewa akwai dare ɗaya a shekara da aka ɗage alƙalami. Babu irin wannan dare. Mala'ikun da ke rubutu ba sa hutun bonane. Kuma mu faɗi gaskiya: wannan tambaya tana hawa kan yadda wasunmu ke yin yawon salla ma.

Tambaya ta uku, wadda ta fi nauyi a kanmu: me ya rage bayan an watse? Hausawa sun ce ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Sau nawa muka ga manya sun zo da motoci ranar 3 ga Agusta, an dasa itace, an ɗauki hoto, kafin kaka awaki sun cinye shi, domin ba wanda ya kewaye shi da ƙaya, ba wanda ya ba shi ruwa? Alhali ku dubi abin da talakawan karkara suka yi ba tare da ganga ba. Bayan farin 1973 da na 1984, da taron ƙasa kan hamada da aka yi a Maraɗi a 1984, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka rungumi sassaben zamani: maimakon su tumɓuke kututture, sai su bar tohon gawo da kalgo da sabara, su rage rassa, su kiyaye shi har ya girma. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka itatuwa kamar miliyan 200 suka tashi a fili mai faɗin eka ta Faransa miliyan 5. Wannan aikin kullum ne. Ranar dashen itace amfaninta shi ne ta tuna mana da shi. In ta zama madadinsa, ta zama yaudara. Hadisi ingantacce ya sanar da mu cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ne gare shi, to itacen da ya mutu cikin mako biyu wa ya ci daga gare shi?

Haka ranar 1 ga Mayu. Ƴan sandika suna jerin gwano suna miƙa kokensu ga hukuma, haƙƙinsu ne. Amma kai Alhaji da ka rufe shago don hutu, yaron shagonka wata nawa yake bin ka? Ƴar aikin gidanka da ke tashi kafin asuba ta kwanta bayan kowa, nawa kake ba ta, kuma yaushe? Ɗan ƙwadagon da ya yi maka noma, ka biya shi da yamma ko ka ce ya dawo ran kasuwa? Shari'a ta umarce mu da gaggauta biyan ma'aikaci tun ƙarni goma sha biyu kafin yajin Shikago. Abin kunya ne a ce sai wasu sun tuna mana.

Haka ranar 13 ga Mayu. Ana ɗinka zane iri ɗaya, ana jawabai. Amma a garuruwanmu har yanzu akwai matar da mijinta ya rasu aka hana ta tumuninta, akwai ɗiya mace da ƴan'uwanta maza suka cinye gonar gadonta suka ce mace ba ta gadon ƙasa, akwai wadda aka saka da daddare aka kore ta ba idda ba ciyarwa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar nan a 1754, ya yi kakkausan suka a littafinsa Nurul Albabi ga malaman da ke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci suna karantar da na waje. Ɗiyarsa Nana Asma'u kuma ta kafa ƴan taru don karantar da matan ƙauye. Wanda ya ce ranar mata baƙuwar al'ada ce, to ya nuna mana a gidansa cewa ba a bukatarta.

Haka ranar 10 ga Disamba. Sanarwar 1948 tana da sassa 30, kuma akwai wuraren da ba mu yarda da ita ba, musamman a sha'anin aure da barin addini. Saboda su ne Saudiyya ta ƙi kaɗa ƙuri'a a ranar. Amma a cikinta akwai hani ga azabtarwa, da tsare mutum ba shari'a, da bautar da ɗa. A 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a zamanta na Yamai, ta yanke hukunci a kan ƙarar wata baiwar Allah daga yankin Ƙonni da aka sayar tana da shekara 12, ta umarci ƙasa ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Musulmi suka sayar, Musulmi ya saya. Ina muke, mu masu mumbari, kafin kotu ta yi magana?

Ita kuwa 24 ga Afrilu, wanda ya ga abin da rashin tsaro ya yi wa yankunan Difa da Tilaberi da iyakar Maraɗi ba ya bukatar a gaya masa cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Wanda ke gaba da ɗan'uwansa shekara uku saboda iyakar gona, ranar haɗin kansa tana farawa daga ƙofar gidan ɗan'uwan nan.

Sauran abu ɗaya da ke ba ni tsoro fiye da duk waɗannan. Na tambayi almajiran madarasarmu, su fiye da arba'in, yau nawa ga wata. Waɗanda suka sani ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Amma da na ce me ake yi ranar 14 ga Fabrairu, sai suka sunkuyar da kai suna murmushi. Kakanninmu da ba su shiga lakkwal ba sun san watan cika-ciki, da watan azumin tsofaffi, da watan bawan salla, suna lissafa idda da zakka da su. Haɗarin da ke gabanmu shi ne ranakunmu su bushe a zukatan ɗiyanmu, har ya zama ba su da abin ɗoki sai na wasu. Yaron da ya ga mahaifinsa ya yi wanka ya sa turare ya riƙe hannunsa zuwa Juma'a, ya ga an ɗinka masa rigar salla, an aike shi da nama gidan gwaggonsa da gidan maƙwabci matalauci, wannan yaro zuciyarsa a cike take. Wanda aka bari da yunwar murna kuwa, duk inda ya ji ganga zai bi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Dattijon nan na ce masa: "Baba, albashinka halal ne. Ba salla ka ƙago ba, ba ka ce wa kowa ranar tana da tsarki ba. Ka gyara niyya, kuma duk wanda ka ba itace ka ɗauki alkawarinsa zai shayar da shi." Ɗan ƙanen nasa kuma na kira shi, na yaba masa kishin sunna, na karanta masa maganar ɓangarorin biyu, na ce: "Ɗana, abin da ka tsaya a kansa malamai sun saɓa, wanda ka aikata kuwa, wato ƙaurace wa wan mahaifinka, babu malami ɗaya da ya halatta shi." Bai amsa mini nan take ba. Bayan mako biyu na gan su sun fito sallar Asuba tare.

Ya ku bayin Allah, idinmu biyu ne, da Juma'a a kowane mako. Ba mu ƙara ba mu ragewa. Ranar da aka kafa don musun Ubangiji, mu nisance ta. Ranar da aka sa don tunawa da wani haƙƙi, wanda ya halarta ya kiyaye sallarsa da mutuncinsa da dukiyarsa, wanda ya ƙaurace ya kiyaye harshensa, dukansu kuma su sauke haƙƙin da ake magana a kansa. Rana ba ta ƙarya, in ji Hausawa, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya; akwai kuwa wata rana da ba a rubuta ta a kalandar kowa ba, wadda za a tambaye mu yadda muka ɓatar da sauran duka.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, kuma ina maraba da gyaran malamai. Allah shi sa albarka cikin kwanakinmu, shi shiryi ɗiyanmu, shi ba ƙasarmu damina mai albarka da zaman lafiya mai ɗorewa, shi sa mu cika da imani. Allah shi ne mafi sani.